Neman ƙasar da bado zai zauna a tafkin garkata

12 ga Janairu, 2024

An gama haƙa ramin tafkin a kusurwar gabas ta garka, magini kuma ya shafe shi da siminti. Tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, zurfin tsakiyarsa santimita 80. Ta ɓangaren arewa na sa an bar dakali a cikin ramin, wanda ruwa ba zai haura santimita 25 a kansa ba, domin tsirran da suke son ƙafarsu a ruwa, kansu a waje. Bakin tafkin kuma an ɗaga shi da bulo ɗaya sama da ƙasa. Simintin dole ce ta sa, don garkar a kan tudu take, ƙasarta jigawa ce, duk ruwan da ka zuba mata kafin ka juya ta shanye.

Abu biyu nake so da tafkin. Famfon sola na rijiyar burtsatse da rana yake aiki, ni kuwa ban ruwan tumatir da alayyahu da yamma nake yi, saboda haka ina buƙatar inda ruwa zai jira ni. Na biyun shi ne bado, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mu da muka tashi a ƙasar Auyo mun san lokacin da fadamu ke rufewa da farin furensa bayan damina, yara na shiga suna tsinko 'ya'yansa suna ci. Yau a wurare da yawa doguwar ciyawar ruwan nan, kachalla, ce ta gaje wurin. Ina so yaran gidan nan su san bado da idonsu.

Kainuwa ba ta buƙatar ƙasa, a saman ruwa take yawo da saiwarta a rataye. Bado ba haka yake ba. Ganyensa ne kawai ke kwance a sama, gindinsa yana can ƙasa a kafe, daga nan yake cin abinci. Tafkin siminti kuwa ba shi da ƙasa ko ƙwaya ɗaya, sai wadda na kawo masa. Na yanke shawarar ba zan shimfiɗa ƙasa a gindin tafkin gaba ɗaya ba, a cikin bahon roba zan yi dashen. Baho ana iya ɗago shi a duba, ana iya fitar da shi a wanke tafki, kuma laka ba za ta riƙa toshe mini tiyo ba. Abin da ya rage shi ne sanin ƙasar da za ta shiga bahon.

Kafin nan, sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi irin na kanwa a ruwa, saboda haka ana cika tafkin, a bar shi ya kwana biyu, a kwashe a zuba wa itatuwan bayan shinge, a sake cikawa.

27 ga Janairu

Na je wurin wani dattijo masunci da ke zaune a bakin fadama, wanda tun muna yara shi ake tambaya in ana son sanin halin ruwa. Na ce, "Baba, a wace irin ƙasa bado ya fi kama?" Bai ba ni amsa a zaune ba, sai ya tashi muka taka. Ya wuce tsakiyar fadamar inda ƙasa ta daddare ta yi baƙi, ya tsaya a gefe, inda tudu ya fara gangarowa. Ya ce, "Malam, dubi nan. Inda ruwa ke kai wa mutum gwiwa zuwa ƙugu, ƙasar da in ka taka za ta riƙe ka amma ta sake ka, nan yake so. Inda rairayi yake, igiyar ruwa ce ke tumɓuke shi."

Na debo ƙasa kashi biyar, kowacce a buhunta:

ta garkata, wadda na daɗe ina zuba wa takin shanu; baƙin taɓon gindin kududdufin cikin gari; daɓaron tsakiyar fadama; ƙasar gefen fadama da Baba ya nuna mini, mai launin ƙasa-ƙasa da duhu; sai yumɓun ginin tukwane da na roƙo wurin gwaggona.

Maƙwabcina da ya ga buhunan ya yi mamaki. A ganinsa amsar a fili take: ƙasar da ta fi taki ita ta fi kyau, in ɗauki ta garka in ƙara mata kashin awaki. Duk manomi haka zai ce, kuma a kan tudu gaskiyarsa ce. Ni dai na ce a bari ruwa ya yanke hukunci.

3 ga Fabrairu

Yau ranar gwaji ce, kuma Gwaggo ta riga kwalba ba ni amsa. Shekarunta na ginin tukwane sun sa yatsunta sun fi idona gani. Ta jiƙa kowace ƙasa kaɗan, ta cura, ta murza ta tsakanin tafukan hannu har ta yi tsawo, sannan ta lanƙwasa ta don ta haɗa baki da baki. Ta garka ko curuwa ba ta yi da kyau ba, tana buɗe hannu ta warwatse. Daɓaro da yumɓu sun lanƙwasu sun haɗe ba tare da sun tsage ba. Ta gefen fadama ta murzu ta yi tsawo, amma da aka zo lanƙwasawa sai ta tsattsage. Gwaggo ta miƙo mini ita ta ce, "Ɗan nan, wannan ba ta gina tukunya, amma tana riƙe saiwa. Tawa kuwa in ka ba shuka, shaƙe ta za ta yi." Taɓon kududdufi ta shinshina kawai ta ture shi gefe, ta wanke hannu.

Sai gwajin kwalba, wanda malaman gona ke koyarwa. A cire tsakuwa da ciyayi, a zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku na farar kwalba, a cika da ruwa, a sa ɗan garin sabulu kaɗan don ya raba ƙwayoyin ƙasar, a girgiza sosai, a ajiye. Rairayi ya fi nauyi, cikin minti ɗaya ya kwanta. Lallausar ƙasa, irin wadda ambaliya ke bari a gona, tana ɗaukar wajen awa biyu. Yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu, wani ma ya fi haka. Duk abin da yake ruɓaɓɓen ganye ne ko kashin dabba, sama yake tasowa. In komai ya lafa sai ka ga hawa-hawa a jikin kwalbar, ka auna da rula.

Kwalbar garka kusan duk rairayi ce, samanta kuma ya rufe da ɓarɓashin taki. Ta daɓaro har yamma ruwanta bai washe ba. Ta gefen fadama ita ce ta fara nuna hawa uku tun kafin yumɓunta ya gama kwanciya: rairayi a ƙasa bai kai rabi ba, sauran lallausar ƙasa da yumɓu sun raba kusan daidai, abin da ya taso sama kuma kaɗan ne.

Akwai gwaji na uku da nake ganin bai kamata mutumin yankinmu ya tsallake ba, saboda ƙasa mai kanwa tana da yawa a fadamunmu, musamman inda aka daɗe ana noman rani. A ɗauki busasshen ɗan curin ƙasa kamar girman ƙwayar gujiya, a sa a faranti mai ruwan leda, kada a motsa. In curin ya ruguje ya zauna a inda yake, ruwan na nan garau, babu laifi. In kuwa wani hazo fari ya fara yaɗuwa kewaye da shi, ƙasar tana da gishirin da ke hana ƙwayoyin yumɓu haɗuwa. Irin wannan in ta shiga tafki, ruwan ba zai washe ba ko an bar shi wata guda. Ƙasar gefen fadama ta tsallake. Daɓaron ya ɗan yi hazo kaɗan, don haka gobe zan sake debo wani daga wurin da ba a ganin farin kanwa a samansa.

18 ga Fabrairu

Sanin irin ƙasar bai isa ba, sai an san tarihin wurin da aka debo ta. Na ƙi debowa daga cikin fangalin shinkafa, duk da cewa lakarsu tana da kyau, saboda maganin ciyawa. Wasu magungunan, irin su atarazin da ake fesa wa masara da dawa, sukan daɗe a ƙasa har watanni, kuma mai gona da kansa ba kullum yake tuna abin da ya fesa bara ba. Wurin da Baba ya nuna mini makiyaya ce, ba a noma ta. Duk da haka na shuka wake a gwangwanaye, wasu da ƙasar gefen fadama, wasu da daɓaro, wasu da ta garka don kwatance. Wake ba ya jure irin waɗannan magunguna. In akwai saura a ƙasar, bayan ya fito ganyensa zai yi ɗorawa ya bushe daga gefe. Duk sun fito lafiya, sun yi ganye na biyu shar.

Abin tsoro na biyu kachalla ce. Wanda bai zauna a kwarin Haɗejiya ba ba zai gane dalilin da ya sa muke ambatonta da ɓacin rai ba. A da kogin yana cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta huta. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan rani da damina, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa kuwa shi ne abin da kachalla take nema. Ta toshe hanyoyin ruwa tun daga nan har Nguru, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan baki masu cin gero da shinkafa. Kan kachalla ɗaya yana ɗauke da dubun dubatar iri ƙanana da iska ke kwasa, kuma ɗan guntun saiwarta in ya samu laima sai ya tsiro. Saboda haka duk ƙasar da na debo sai ta bi ta raga, irin wadda magina ke tankaɗe yashi da ita. Ragar za ta tsare saiwa, iri kuwa zai wuce, wannan sai dai a sa ido a cire shi yana ƙarami.

Na kuma kankare saman ƙasar kamar faɗin tafin hannu na zubar kafin in fara ɗiba, domin nan ne kashin shanu da irin ciyawa suka fi taruwa.

Yau ɗin dai na jera bokitai biyar a rana, kowanne da ƙasa iri ɗaya a gindinsa, na cika su da ruwan burtsatse a hankali ta kan faranti don kada ƙasar ta tashi.

9 ga Maris

Bokitan sun yi magana.

Na ƙasar garka shi ya fara lalacewa. Tun ranar farko ɓarɓashin taki ya taso ya rufe sama. Bayan mako guda ruwan ya yi kore, yanzu kuwa gansakuka ta yi kauri, tsutsar sauro ta cika shi. Na taɓon kududdufi ya fi shi muni: in ka soka tsinke a gindinsa sai kumfa ta taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na yumɓu ruwansa garau, amma ƙasar ta dunƙule ta yi tauri, da kyar yatsa ke shiga. Na sabon daɓaron ya washe, ƙasar ta kumbura ta yi santsi. Na gefen fadama ya washe tun kwana na biyu, har yau kana ganin gindinsa, yatsa yana shiga ba wuya, kuma babu wani wari sai na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na kira maƙwabcina ya gani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gona, taki yana ruɓewa da taimakon iskar da ke ratsa ƙasa, saiwa kuma ta tsotse abin da ya saki. A ƙarƙashin ruwa iska kaɗan ce. Ƙananan halittun da ke ruɓar da taki sai su cinye ɗan oksijin da ke cikin ruwan, in ya ƙare ruɓewar ta koma wata iri mai fitar da iska mai wari da ke ƙona saiwa. Abincin da takin ya saki kuma, tunda rairayi ba ya riƙe komai, sai ya narke ya bi ruwa, gansakuka ta riga kowa samu. Da rana gansakuka tana ba ruwa oksijin, da dare tana zuƙe shi, shi ya sa masu kiwon kifi ke tarar da kifinsu da asuba ya taso sama yana haki. Yumɓu kuwa yana da wata baiwa: ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma suna kama abincin shuka su riƙe a jikinsu har saiwa ta zo ta karɓa. Nauyinsa kuma yana danne gindin bado, wanda in aka dasa shi a ƙasa marar nauyi sai ya tumɓuke ya taso sama, domin jijiyoyinsa cike suke da iska.

Maƙwabcina ya ce to ai kududdufin gari ma bado kan fito a cikinsa. Haka ne, amma kududdufi yana da faɗi, iska na kaɗa shi, damina na wanke shi. Tafkina bai kai lita dubu goma ba, abin da ya shiga yana nan sai na fitar da shi da hannuna.

Ruwan bokitai biyun da suka lalace na zubar a gindin mangwaro saboda sauro.

28 ga Maris

Azumi ya sa aikin ya koma na sassafe. An kawo ƙasar gefen fadama a amalanke, da daɓaro kaɗan. Mun tankaɗe, mun baza a kan daɓe, kaurinta bai wuce yatsu huɗu ba, mun yayyafa ruwa, mun rufe da farar leda, mun danne gefunan da bulo. Za ta zauna a haka har bayan Sallah.

Dalilin wannan katantanwa ce. Ƙananan katantanwar ruwa su ne ke ɗaukar tsutsar tsargiya, kuma suna iya shiga laka su lafe har rani ya wuce, ruwa na dawowa su farfaɗo. Bushewa kaɗai ba ta kashe su duka. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashin leda, a watan da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, yana rage su ƙwarai, tare da irin ciyayi da yawa. Cutar ba ta yaɗuwa sai fitsari ko bayan gidan mai ɗauke da ita ya shiga ruwan da katantanwar take, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. A makarantarmu ana raba wa yara maganinta, na kuma ga yaron da ke fitsarin jini, ba zan kawo wannan cikin gida da hannuna ba. Tafkin an kewaye shi da waya, ƙofarsa da kwaɗo. Ba wanka, ba wasa, kuma ƙaramin yaro ba ya zuwa bakinsa sai da babba.

20 ga Afrilu

Na auna ruwan tafkin da takardar gwaji irin ta masu kiwon kifi, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya sauko kusa da 7.5. A farkon cikawa ya haura 9. Siminti ya gama sakin kanwarsa.

Baba ne ya kai ni inda ake samun irin. A wani kwari da ruwa ya ƙafe tun watan Fabrairu, ya sa ƙanina ya sara busasshiyar laka da magirbi, sai ga curin saiwar bado, baƙi, mai kaushi, wasu ba su kai ƙwan kaza ba. A haka yake wuce rani, ganye ya mutu, curin na barci a ƙasa. Mun ɗauki kaɗan mun mayar da ƙasa kan sauran. Na wanke su tas da buroshi, na duba ko akwai ƙwan katantanwa, na jiƙa su a roba mai ruwa kaɗan a rana. Cikin 'yan kwanaki suka fara fitar da jan tsiro.

Ga yadda aka yi dashen. Bahon roba mai faɗin santimita 45, zurfin 20, marar huji, domin bado faɗi yake so fiye da zurfi, huji kuma hanyar tsiyayar laka ce. Haɗin ƙasar: kwano uku na gefen fadama, kwano ɗaya na daɓaro da aka daka. Ba taki ko kaɗan. An kwaɓa da ruwa ya yi ƙarfi kamar kwaɓin tubali, an danna sosai don iska ta fita, an cika bahon saura yatsu uku. An kafa curin a tsakiya, idon da tsiro ke fitowa yana waje. Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar kula, don in aka binne idon ruɓewa yake yi. Sai aka rufe saman ƙasar da wankakkiyar tsakuwa kaurin yatsu biyu, aka bar wa idon fili.

Don in ci gaba da kwatance, baho ɗaya na cika shi da daɓaro zalla, ɗaya da ƙasar gefen fadama zalla, ɗaya da yashi zalla, sauran ukun da haɗin. Na yi wa kowanne alama da fenti.

Saukar da su ma da dabara. A karkace ake nutsar da baho, sannu a hankali, don ruwa ya shiga ba tare da ya tayar da ƙasa ba. Duk an ɗora su a kan bulo, ruwa bai fi santimita 15 a kansu ba, saboda ƙaramin tsiro yana buƙatar haske da ɗumi kafin ya iya kai ganye sama.

11 ga Mayu

Ganye ya kai saman ruwa a dukan bahunan, na yashi ne ya zo ƙarshe da ganye ƙanana. Na cire bulo ɗaya-ɗaya, yanzu ruwa ya kai santimita 30 a kansu. Zafi ya yi tsanani, ruwa yana raguwa kusan faɗin yatsa a yini ko ban ɗiba ba. Ganyen darbejiya da iska ke kawowa nake kwashewa kullum, don shi ma in ya nutse taki ne.

Na sa kainuwa kaɗan a cikin kewayen tiyo da na haɗa bakinsa, don ta yi inuwa kafin bado ya rufe, ba tare da ta mamaye tafkin ba. Ita daga ruwa take cin abinci, saboda haka tana rage wa gansakuka rabo. Na kuma saki 'ya'yan karfasa kaɗan saboda tsutsar sauro. Tarwaɗa ban sa ba, tona ƙasa take yi, tsakuwar saman baho ba za ta hana babba ba.

8 ga Yuni

Bado mai ci ne. Sababbin ganyen bahon yashi sun yi ɗorawa, na ƙasar gefen fadama zalla ma sun fara ƙanƙancewa. Lokacin ciyarwa ya yi, kuma a nan ne yumɓun Gwaggo ya samu aikinsa. Na cura shi ƙanana-ƙanana, na huda tsakiyar kowanne, na zuba rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15, na toshe, na shanya suka bushe. Kowane baho na cusa masa biyu, can gindi, nesa da curin saiwar, na toshe ramin da yatsa na mayar da tsakuwa. Yumɓun zai jiƙa ya riƙa sakin takin kaɗan-kaɗan a inda saiwa take. Manoman shinkafar da suka gwada dunƙulallen yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin shuka sun san wannan hikimar: abin da aka watsa a saman ruwa yawancinsa asara ne, wanda aka binne shi ke amfani.

Wani ya ba ni shawarar in jefa buhun kashin kaji a kusurwar tafkin, yadda wasu masu kifi ke yi don ruwa ya yi kore. Su koren suke nema, abincin 'ya'yan kifi ne. Ni ruwa garau nake nema da ganye mai faɗi.

Ɗan tsiron kachalla ya leƙo a bahon daɓaro. Na zare shi da saiwarsa.

14 ga Yuli

Fure na farko ya buɗe, a ɗaya daga cikin bahunan haɗi. Irin wannan farin badon da dare yake buɗewa, ya kai hantsi, sannan ya rufe. Da aka idar da sallar asuba na tara yaran gida suka gani, ƙaramar cikinsu ta tambaya ko wani ne ya dasa furen roba. Bahunan yanzu suna gindin tafkin, ruwa wajen santimita 55 a kansu, ganyen haɗin ya fi tafin hannuna biyu faɗi, gefensa da haƙora-haƙora.

Dakalin arewa ma ya samu baƙi: gwaza, jema da furen gadu. Su ƙasarsu ta gefen fadama ce zalla, ban ƙara daɓaro ba, domin rabin jikinsu a iska yake, ba sa buƙatar a danne su sosai. Gwaza ba na barin ruwa ya wuce yatsu uku a kan ƙasarsa. Furen gadu saurin yaɗo gare shi, duk mako sai an datse.

25 ga Agusta

Ruwan sama ya yi yawa bana, garuruwa da dama a jiharmu ta Jigawa sun sha ambaliya, Allah Ya mayar musu da alheri. A garkata ruwa ya malala ta kan kunyoyin da na zuba wa taki, ya zo ya daki bulon da aka ɗaga bakin tafkin da shi, ya kewaye ya wuce. Da a ce bakin daidai yake da ƙasa, duk takin da na hana shiga ta baho da ya shigo ta sama a dare ɗaya. Wanda zai gina irin wannan tafki a garka, wannan bulo ɗayan kada ya yi masa rowa. Rarar ruwan tana fita ta bututun da aka sa a sama, na ɗaure bakinsa da gidan sauro don kifi kada ya bi.

Ganyen bado ya rufe fiye da rabin tafkin. Na kwashe kainuwar gaba ɗaya na kai juji, aikinta ya ƙare. Na ƙara curin taki ɗaya a kowane baho.

19 ga Oktoba

Damina ta ɗauke. Ni da ƙanina mun ɗago bahunan kwatance mun kife su a kan buhu don mu ga abin da ke ciki.

Na yashi saiwarsa siririya ce, kuma bai yi fure ba duk da ya samu taki daidai da sauran, takin ya bi ruwa. Na daɓaro zalla ya yi fure, amma saiwar ta tsaya a sama-sama, can ƙasa ƙasar ta yi baƙi ƙirin da ɗan wari. Na gefen fadama zalla saiwarsa ta ratsa ko'ina, fara tas, sai dai ƙasar ta ragu, kuma shi ne ya fi saurin nuna yunwa. Na haɗin shi ne saiwa ta cika bahon har ta ɗauki siffarsa, ƙasar ta fito a dunƙule ba ta warwatse ba, curin ya ninka girmansa, ga 'ya'ya ƙanana a gefensa. Katantanwa ban ga ko ɗaya ba, amma zan ci gaba da juya ganye ina dubawa.

Maƙwabcina ya karɓi 'ya'yan curi biyu, zai dasa a tsohuwar randa. Na aika shi wurin Baba ya nuna masa inda zai debo ƙasa, na kuma ba shi ragata.

Aikin da ke gaba: bahon yashi da na daɓaro za su koma haɗin uku da ɗaya. Ba zan ƙara taki ba daga yanzu, domin in hunturu ya shigo ruwa ya yi sanyi bado yana rage girma, takin da bai ci ba gansakuka ce za ta ci. Ƙurar hunturu za ta ƙara laka a gindin tafkin, zan zuƙe ta da tiyo a watan Fabrairu in zuba wa albasa. Sabuwar ƙasa kuma sai a debo ta a Maris, lokacin da gefen fadamar ya bushe amalanke zai iya shiga, a tankaɗe a rufe da leda kafin sake dashe a Afrilu.